Tsakaninmu da Lauyoyi: Tun Ran Gini, Ran Zane

A 'yan watannin nan da wuya kwamitin kare haƙƙi na wannan ƙungiya ya yi zama ya tashi ba tare da wani ya kawo kukan lauya ba. A da, kukan da muka saba ji bai wuce na 'yan sanda ba, ko na masu gidajen haya, ko na masu karɓar haraji a kasuwa da tasha. Yanzu an samu ƙarin wani, wato kukan mutum a kan wanda ya ɗauka da kuɗinsa domin ya share masa hawaye. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu keɓe sharhinmu na wannan fitowa a kan maganar, mu faɗi abin da doka ta ce, mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya a inda laifin namu ne.

Bari mu fara da misalai uku daga cikin waɗanda suka zo gabanmu, ba tare da kama suna ba. Na farko wani dattijo ne, falken shanu, wanda ya sayi gida shekaru masu yawa da suka wuce, sai 'ya'yan wanda ya sayar masa suka taso bayan rasuwar mahaifinsu suka ce ba su san da ciniki ba. Wani da ake cewa ya san kan kotu ya haɗa shi da lauya. Shekara uku yana biya kaɗan-kaɗan, yau ta hannun wannan gobe ta hannun wancan, babu rasit ko ɗaya. Da ya gaji da ɗage shari'a ya ce zai sake lauya, sai aka ce masa akwai sauran kuɗi a kansa, kuma ba zai ga takardun gidansa ba sai ya biya. Ta biyu wata baiwar Allah ce da mota ta kashe mijinta. An biya diyya ta hannun lauya, aka kawo mata wani abu a ambulan aka ce rabonta ke nan, har yau ba ta san nawa aka biya gaba ɗaya ba. Na uku wani yaro ne ɗan acaba da ke tsare yana jiran shari'a. Danginsa sun haɗa kuɗi sau ɗaya suka ba lauya, suka ɗauka an gama. Lauya ya je kotu sau biyu, da ya ga babu mai ƙara leƙo shi sai ya daina zuwa, bai kuma gaya wa kowa ba. Yaron ya yi watanni ana kai shi kotu ana mayarwa, babu mai magana a madadinsa.

To amma masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun zauna da wasu lauyoyi da suka daɗe suna yi wa jama'armu aiki, su ma da nasu kukan. Sun ce mutumin namu zai zo da gaggawa da rantse-rantse ranar da aka kama ɗansa, amma da zarar an samu beli sai ya ɗauke ƙafa. Sun ce wani zai tafi gida noma ko biki ya yi wata huɗu, wayarsa a kashe, ranar zaman kotu ta zo ta wuce. Sun ce sau da yawa kuɗin da aka ce an aiko musu rabinsa ne ke isowa, sauran ya maƙale a aljihun ɗan aike. Babu mai adalcin da zai ce waɗannan ƙorafe-ƙorafe ƙarya ne.

A namu ganin, tushen matsalar guda ne. Mu mutanen zango mun gina zamanmu a Kurmi a kan amana da maganar baki. Tun zamanin fataucin goro da shanu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, baƙo yakan sauka a hannun maigida, a yi cinikin dukiya mai yawa ba tare da an rubuta ko harafi ba, domin kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana ba shi da wurin zama a kasuwa. Wannan tsari ya yi mana rana, yana kuma yi har gobe. Sai dai lauya ba ɗan zango ba ne. Sarkin Hausawa ba shi da iko a kansa, shugaban kasuwa ba zai hana shi rumfa ba. Abin da ke ɗaure shi shi ne takarda da dokar sana'arsa. Duk wanda ya shiga ofishin lauya da al'adar kara, ya bar makaminsa a gida.

Abin farin ciki shi ne dokar tana nan, kuma ba ta bar mai ɗaukar lauya a banza ba. Akwai Dokar Lauyoyi ta 1975, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Akwai Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya, waɗanda aka yi a 2007, aka sabunta su a 2023, sababbin suka fara aiki a watan Janairun 2024. Akwai kuma umarnin da ya tsara ladan lauyoyi na 2023, wanda ya maye gurbin na 1991. Waɗannan dokoki na tarayya ne, suna aiki a Legas kamar yadda suke aiki a Kano, kuma ba su tambayi asalin mutum ko yarensa ba. Tsarin Mulki na 1999 da ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama da mallakar gida a ko'ina cikin Nijeriya, shi ne kuma ya ba wanda ake tuhuma 'yancin kare kansa ta bakin lauyan da ya zaɓa da kansa, tare da tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi.

Matakin farko shi ne tun kafin a ɗauki lauya. Ba duk mai baƙar kwat da ke yawo a harabar kotu ko bakin caji ofis ne lauya ba. Lauya na gaskiya sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da lambar rajista, kuma yana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, wato NBA, mai ɗauke da sunansa a kan takardun da ya shirya. Yana da ofis da za a iya samunsa. Wanda ya yi sojan gona ya ce shi lauya ne alhali ba shi ba ne, ya aikata laifin da doka ta tanadar wa hukunci. Haka kuma ƙa'idojin sun hana lauya ajiye 'yan koren da za su riƙa farauto masa masu shari'a, sun kuma hana shi raba ladansa da wanda ba lauya ba. Saboda haka mutumin nan da ke cewa a ba shi kuɗin zai kai wa lauya, shi ma yana da kasonsa a ciki, ba taimako yake yi ba. Dillanci halas ne a kasuwar shanu da ta goro, amma a harkar shari'a ba shi da gurbi. Zuwa da kai ya fi aike. Idan matsalar harshe ce, a tafi da ɗa ko ƙane mai jin Turanci, ko a nemi ƙungiya ta haɗa mutum da wanda zai raka shi.

Mataki na biyu shi ne rubutu. Ƙa'idojin sun buƙaci lauya ya tabbatar an rubuta duk wata muhimmiyar yarjejeniya tsakaninsa da wanda ya ɗauke shi, umarnin 2023 kuma ya ɗora masa nauyin ba da takardar sharuɗɗan aiki. Ke nan wanda ya ce a rubuta bai yi rashin kunya ba, bai kuma nuna rashin yarda ba, haƙƙinsa ya nema. Ga abubuwan da ya kamata takardar ta fayyace: wane aiki ne aka ɗauki lauyan ya yi, beli ne kawai ko shari'ar gaba ɗaya, a wace kotu aikin zai tsaya, shin ya haɗa da ɗaukaka ƙara ko kuwa wannan sabon ciniki ne, nawa ne ladan, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika sauran, akwai kuɗin mota a kowane zama ko babu, idan akwai nawa ne, kuma yaya za a yi ranar da aka je kotu ba ta zauna ba. A karanta wa mutum a fassara masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala, ya kuma karɓi kwafinsa ya adana. Yaron nan ɗan acaba da muka ambata, da an rubuta cewa kuɗin da aka biya na neman beli ne kawai, da danginsa sun san akwai sauran aiki a gabansu.

Wajibi ne kuma jama'a su san cewa kuɗin da ke fita a shari'a iri biyu ne, kada a bari a cakuɗa su. Akwai ladan lauya, wanda nasa ne. Akwai kuɗin ɗawainiya, kamar na shigar da ƙara, na kai sammaci, na karɓar kwafin hukunci, na binciken takardun fili a ma'aikatar filaye. Waɗannan ba na lauya ba ne, kuma yawancinsu suna da rasit na gwamnati, sai a nemi a gani. Akwai kuma iri na uku da ba ya cikin lissafi ko kaɗan, wato kuɗin da za a ce na alƙali ne, ko na mai gabatar da ƙara, ko na sayen beli. Belin 'yan sanda kyauta ne. Lauyan da ya ce a kawo a kai wa alƙali, ɗayan biyu ne: ko dai ƙarya yake yi zai cinye, ko kuma gaskiya yake faɗi, ya jefa mai bayarwa cikin laifin cin hanci. Ko wanne ne, ranar nan ya kamata a fara neman wani.

Game da yawan ladan, doka ta tsaya a tsakiya. Ta ce lauya ya cancanci a biya shi daidai da aikinsa, ta kuma hana shi cajin da ya wuce hankali. Abubuwan da ake dubawa sun haɗa da lokacin da aikin zai ci, wahalarsa, ƙwarewar da yake buƙata, darajar abin da ake shari'a a kai, da abin da sauran lauyoyi suka saba karɓa a kan irinsa. Umarnin 2023 ya sanya mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan ayyuka daban-daban, ya raba jihohi rukuni uku, Legas da Abuja suna rukunin da ya fi tsada, kuma ladan yana hawa gwargwadon shekarun lauya a aiki. A cinikin gida ko fili da bai kai Naira miliyan 50 ba, mafi ƙarancin ladan shirya takardun kashi 10 cikin 100 ne. Mun san wannan zai yi wa da yawa daga cikinmu nauyi. Amma gara mutum ya sani tun da wuri ya sa a lissafinsa, da ya je wajen mai buga takarda a bakin titi ya sayi rigimar da za ta ci gidan gaba ɗaya. Araha ba ta ado, musamman a ƙasar da ba ta kakanninka ba, inda takarda ce kaɗai shaidarka.

Akwai kuma tsarin da lauya ke cewa ba zai karɓi komai ba sai an ci nasara, sannan ya ɗauki kaso. Doka ta yarda da wannan a shari'ar neman haƙƙi, kamar diyya ko bashi, muddin kason bai wuce hankali ba, kuma an bayyana wa mutum abin da yake nufi, an ba shi zaɓin biyan lada irin na kullum. Amma ta hana shi a wajen kare wanda ake tuhuma da laifi. A nan ma rubutu ne magani, har da maganar da ake ganin ƙarama ce. Misali, a ce an biya diyyar Naira miliyan 6, an yi da lauya a kan kashi 20 cikin 100, ɗawainiya kuma ta ci Naira dubu 500. Idan aka fara cire ɗawainiya sannan aka fitar da kaso, lauya zai ɗauki miliyan 1 da dubu 100, mai haƙƙi ya tashi da miliyan 4 da dubu 400. Idan kuwa aka fara fitar da kaso daga jimla, lauya zai ɗauki miliyan 1 da dubu 200, mai haƙƙi ya tashi da miliyan 4 da dubu 300. Bambancin Naira dubu 100 ke nan a kan jimla guda da ba a rubuta ba, kuma ga marayu wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Wannan ya kawo mu ga kukan matar nan. Duk kuɗin da lauya ya karɓa a madadin wani, ko diyya ce, ko kuɗin haya, ko na cinikin gida, amana ce a hannunsa. Doka ta wajabta masa ya ajiye irin wannan kuɗi a asusun banki na daban, kada ya gauraya da nasa, ya sanar da mai shi ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma ba da cikakken lissafi. Mai haƙƙi yana da ikon ganin takardar da ke nuna nawa aka biya, ranar da aka biya, da abin da aka cire. Cin kuɗin wanda ake wa aiki yana cikin manyan laifuffukan da ke sa a soke sunan lauya daga rajista. Kada wata uwa ko wani magaji ya sake karɓar ambulan ya yi godiya ba tare da ya ga lissafi ba.

To idan kuma lauya ne ke bin mutum kuɗi fa? Nan ma akwai hanya, kuma ba ta bi ta caji ofis ba. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya ce kafin lauya ya kai ƙarar neman ladansa, sai ya rubuta takardar caji mai bayyana manyan ayyukan da ya yi, ya sa mata hannu, ya isar da ita ga wanda yake bi, sannan ya jira wata guda cur. Wannan watan dama ce, ba na barci ba ne. Sashe na 17 ya ce idan mutum ya ga cajin ya yi yawa, ya nemi babbar kotun jiha a cikin wannan wata ta sa a tantance takardar, kotu za ta ba da umarnin a yi hakan, kuma ba za a fara ƙarar neman kuɗin ba sai an gama. Idan wata ya wuce, sai yadda kotu ta ga dama. Idan aka kai wata 12, ƙofar ta kusa rufewa, sai da wani dalili na musamman. Saboda haka duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda kada ya cusa ta ƙarƙashin katifa, ya kawo a karanta masa a ranar.

Akwai wani sharaɗi a wannan sashe na 16 da ya shafe mu kai tsaye, mu masu yawan tafiya gida. Idan lauya ya gamsar da kotu cewa akwai alamun wanda yake bi yana shirin yin abin da zai hana biyan ko ya jinkirta shi, kotu na iya ba shi izinin shigar da ƙara tun watan bai cika ba. Mutumin da ya kulle shago ya hau mota ba sallama ya ba lauya wannan hujja da hannunsa. Wanda zai yi tafiya ya je ya faɗa, ya bar lambar da za a same shi da wakilin da zai tsaya masa.

Amma bashin lauya bashi ne kamar kowane bashi, ba laifi ba ne da za a kama mutum a kai. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Lauyan da ya turo 'yan sanda su ɗauki mutum, ko ɗansa, ko yaron shagonsa saboda lada, ya taka dokar da ya kamata ya kare.

Sai dai mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci game da dattijon nan mai gida. Doka ta yarda lauya ya riƙe takardun da suka shigo hannunsa ta dalilin aiki har sai an biya shi ladan da ya cancanta. Riƙewa kawai, ba sayarwa ko jinginarwa ba, kuma a kan bashin gaskiya wanda zai iya nunawa a rubuce. Da dattijon yana da rasit na abin da ya biya cikin shekara uku, da maganar ta ƙare a zama ɗaya. Darasin a fili yake: kada a bar asalin takardar gida ko fili a ofishin kowa sai da larura. A ba da kwafi. Idan kotu ta buƙaci asalin, a rubuta jerin abin da aka miƙa, lauya ya sa hannu. Kowane biya kuma a yi shi ta banki zuwa asusun lauyan ko na ofishinsa, ko a karɓi rasit nan take.

Yanzu sai maganar rabuwa. Wanda ya ɗauki lauya yana da ikon sallamarsa a duk lokacin da ya ga dama, ba sai ya kawo dalili ba, illa dai zai biya ladan aikin da aka riga aka yi. Shi kuwa lauya ba shi da wannan sakewa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙa'idojin sun ce ba zai yi watsi da aikin da ya karɓa ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar a ce an matsa masa ya yi abin da bai dace ba, ko maslaharsa ta ci karo da ta wanda yake wa aiki, ko an ƙi biyansa da gangan bayan an yi alkawari. Ko da yana da dalili, dole ya ba da sanarwa da isasshen lokacin da mutum zai samu wani lauya, kuma idan an riga an biya shi, ya mayar da kason da bai yi aikinsa ba. Lauyan yaron nan yana da hujjar neman ƙarin kuɗi, yana ma iya janyewa, amma ba shi da hujjar ɓacewa shiru ya bar mutum a tsare.

Mu ma akwai yadda ya kamata mu rabu. Ba a sallamar lauya ta hanyar daina ɗaukar wayarsa. A rubuta masa, a nemi lissafi da fayil, a samu sabon lauya kafin ranar zama ta gaba. Sabon lauyan zai sanar da tsohon, ya yi ƙoƙarin ganin an biya shi haƙƙinsa, a kuma sanar da kotu canjin. Muddin ba a yi haka ba, tsohon ne kotu ta sani, kuma ofishinsa za a riƙa kai takardu. A irin wannan giɓi ne ake korar ƙara saboda rashin zuwa, ko a yanke hukunci a bayan idon mutum. Lokaci kuma ba ya jira. Wanda zai ɗaukaka ƙara daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara yana da wata uku idan hukuncin ƙarshe ne a shari'ar haƙƙi, kwana 14 idan hukuncin tsakiyar shari'a ne, kwana 90 a shari'ar laifi. Wanda ya ɓata wannan lokaci yana rigima da lauyansa, sai ya koma roƙon kotu ta ƙara masa, kuma ba dole ne ta yarda ba. A kuma sani cewa sirrin da aka faɗa wa lauya yana nan a matsayin sirri ko bayan an rabu, kuma ba shi da damar komawa ɓangaren abokin shari'a a kan magana guda.

Idan sulhu ya gagara, akwai inda ake kai kuka. Kowane babban gari yana da reshen NBA, kuma sau da yawa takarda ɗaya zuwa ga shugaban reshe takan warware abin da aka yi shekara ana ja. Sama da nan akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, wanda ke da ikon jan kunnen lauya, ko dakatar da shi, ko soke sunansa, har ya umarce shi ya mayar da kuɗi ko takardu. Amma kwamitin da hujja yake aiki, ba da rantsuwa da kuka ba. Mai rasit da takardar yarjejeniya shi ne mai baki a can. Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya kada ya faɗa hannun 'yan kore. Akwai Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi. A Legas akwai Ofishin Kare Jama'a na gwamnatin jiha, OPD, da aka buɗe a 2000, yana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Saboda haka muna kira ga magidanta da su mayar da wannan ɗabi'a: ba rubutu, ba biya. A ware jaka guda a gida domin takardun shari'a, a rubuta ranar kowane zama da abin da aka biya, ko da boko ko da ajami, kuma uwargida da babban ɗa su san inda jakar take, domin rai ba shi da tabbas. Muna kira ga sarakunanmu da shugabannin kasuwanni da na tashoshi da su raba kansu da masu cin abinci da sunan haɗa mutane da lauya. Muna kira ga 'ya'yanmu da suka karanta shari'a, waɗanda aka haifa a waɗannan unguwanni, da su riƙa ba da ko da yini guda a wata suna karanta wa iyayensu takardu. Su kuma lauyoyin da ke hulɗa da jama'armu, waɗanda mafi yawansu mutanen kirki ne, muna roƙonsu da su riƙa bayani dalla-dalla, su ba da rasit ko ba a tambaya ba, kada su ɗauki kawaicinmu a matsayin rashin wayo.

A ƙarshe muna tunatar da kanmu cewa mai neman a ba shi haƙƙinsa sai ya fara ba da na wani. Lauyan da ya yi aiki a biya shi a kan lokaci, ba sai ya yi ta sintiri ba, domin duk wanda ya gudu da ladan lauya ya ɓata wa na bayansa hanya, gobe ɗan uwansa zai je a ce sai ya biya duka kafin a buɗe fayil. Ƙofar kwamitinmu a buɗe take ga duk wanda ke shirin ɗaukar lauya ko yake da takardar da bai gane ba. A zo tun kafin a sa hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.